Mode Masanin Dokar Nasara

Wata uku kacal Mode ya yi yana wanke wa wani Bature kwanoni a Sakkwato, farkon zuwan Nasara, sannan aka kore shi. Da wannan ilimin ya shimfiɗa buzu kusa da ƙofar alƙali, wai shi masanin dokar Turawa ne. Ko baƙi bai iya karantawa ba, balle boko, amma masu ƙara gabansa suke durƙusawa.

Wata rana Hayatu, falke mai jar fata, ya zo tambayar yadda zai shiga Ƙonni da kayansa, tunda garin yana hannun Faransa.

"Mi kaka tsoro?" in ji Mode. "Riƙa wagga takarda. Duk sojan da yag gan ta sai ya sara maka."

A bakin iyaka aka ƙwace fatun, aka tsare Hayatu kwana tara. Tafinta ne ya gaya masa daga jikin gwangwanin kifi aka ɓamɓaro takardar.

Da ya dawo ya tsaya a kan Mode yana huci, Mode ko kai bai ɗaga ba. "Halan a kife kam miƙa ta," ya ce.

Haka ya ci gaba har ya mutu, bai taɓa rasa mai tambaya ba.