Mijin Goggo Tokchay a Jikin Karta

Goggo Tokchay, yayar babanmu, ba ta da dogon labari. Ta yi noman shinkafa a gangaren duwatsun garinmu Bontok, can arewa da Manila, har bayanta ya ranƙwafe, ta haifi huɗu, ta binne uku. Wanda ya tsaya mata a rai shi ne mijinta Fanasan, da ba ta binne ba.

Wani Bature ne ya kwashe shi da wasu mutanen garinmu a jirgin ruwa zuwa Amurka, wai ana bikin baje kolin duniya. Ashe su ne hajar. Aka kewaye su da shinge, suna rawa daga su sai bante, jama'a na leƙe. Sanyi ya kama ƙirjin Fanasan, ya mutu a can.

A wurinmu kuwa, sai an zaunar da mamaci a kujerar gawa, an yanka alade, an sallame shi. In ba haka ba, kurwarsa ba ta samun masauki. Shekara shida Goggo tana ramewa a kan wannan.

Abokin tafiyarsa Ngawit, mutumin banza, ya dawo da kwalin karta mai hotunan bikin, bai taɓa nuna mata ba. Rannan ta tarar da maza suna wasa, an jefa mai lamba bakwai a ƙasa. Ga hoton Fanasan a jikin takardar, yana tsaye riƙe da farantin kiɗa.

Ta ce, "Ngawit, mijina kuke bugawa da ƙasa?"

"Haba yaya, in kin ɗauke shi ai karta ta lalace."

"Ta daɗe ba ta lalace ba."

Ta zaunar da takardar a kujera, ta yanka aladenta guda tilo, ta yi kukan kwana uku, aka binne takardar. Daga ranar ta koma cin abinci kamar kowa.

Ta tsufa tukuf lokacin da aka turo mana wani malamin makaranta daga Manila, sarkin iyayi. Da ya ji labarin sai ya ciro nasa kwalin, ya miƙa mata mai lamba bakwai yana murmushi. Har yau ina jin haushin mutumin nan.

Ta ƙura wa takardar ido.

"Malam, tono shi ka yi?"

"A'a, Iya, ai inji ke buga su. Dubbai ne, sun bazu ko'ina a duniya."

"Duk yana ciki?"

"Duk yana ciki."

Ta miƙa masa abarsa. Ta ce, "Ni kuwa ɗaya kawai na binne."