Ƙullin Baƙin Rini a Saman Kabad

Inda na yi karatu na ga ɗakunan koyon kareti masu madubi bango guda, inda duk bayan wata uku ake ɗaura wa ɗalibi sabuwar ɗamara daga cikin leda. Na dawo ina shakkar ko launin nan yana nuna wani abu ban da yawan zuwa aji. Da wannan shakkar na san Mai Firji.

Gyaran firji ne sana'arsa, shekarunsa hamsin da uku. Kullum da sassafe, kafin ya buɗe shago, yana koyar da mutum goma sha ɗaya a wani tsohon sito bayan tashar mota, mai rufin kwano da siminti duk ya tsattsage. A wurinsa ba a sauya ɗamara. Farar da ka fara da ita, ita ce taka har abada. In ka ci gwaji sai ka kwance ta ka miƙa masa, ya kai wa matarsa ta rina a wata tukunya da ta daina girki da ita: rawaya, ruwan lemo, kore, shuɗi, ruwan ƙasa. Rini kan rini ba ya fita tas, koren nata kullum kamar ruwan kwata yake, amma babu ɗalibin da ya taɓa yin ƙorafi.

Tasa ɗamarar ta tsaya a ruwan ƙasa shekara goma sha bakwai. A ƙananan matakai shi yake gwada ɗalibai, amma baƙa sai alƙalai uku da ke zuwa sau ɗaya a shekara. Sau huɗu ya tsaya gabansu, sau huɗu gwiwarsa ta hagu tana ba shi kunya. Tun karon farko matarsa ta sayi ƙullin baƙin rini ta ajiye a saman kabad. Bana likita ya ce aiki za a yi wa gwiwar, bayan nan kuma babu sauran gwaji.

"Baban yara, rinin nan fa ya fara dunƙulewa," in ji ta, tana shafa masa man zafi. "Ko in rina maka wandon aiki da shi?"

"Ki bar shi inda yake."

"Na bar shi. Shi ma dai ya gaji da jiranka."

Ba shi kaɗai zai shiga gwajin ba. Akwai Nas, ma'aikaciyar jinya da ta zo masa shekara takwas da suka wuce ba ta ko iya dunƙule hannu daidai ba. Ƙa'idar sahu kuwa kowa ya san ta: wanda ɗamararsa ta fi girma shi ke tsayawa gaba, shi ke ba da umarnin gaisuwa.

Ranar gwaji naushi da karewa sun yi masa kyau. Sai aka zo kata, wato jerin motsin da ake haddacewa a yi shi kaɗai. Akwai wurin da ake sauka ƙasa-ƙasa a juya a kan ƙafar hagu. Ya sauka, ya juya, gwiwar ta saki. Bai faɗi ba, dafa ƙasa kawai ya yi da yatsu uku, ya miƙe ya ƙarasa yana ɗingishi. Babban alƙalin, wanda Mai Firji ne ya koya masa ɗaurin ɗamara tun yana sabon shiga, ya biyo shi bakin ƙofa.

"Yaya, ka san ba zan iya ba ka baƙar ba."

"Da ka iya ai da na raina ka. Je ka, ana jiranka."

Nas ta ci. Ta zo ta tsaya a gefensa da ɗamararta a hannu, tana ta naɗe ta tana warwarewa.

"Malam, ko in sayi sabuwa a kanti kawai?"

"Wa kika taɓa gani da ta kanti a nan? Kawo."

A gida matarsa ta sauko da ƙullin, ta hure ƙurar da ke kai, ta dube shi.

"Ƙulli ɗaya ne fa, ba zai isa biyu ba."

"Guda ɗaya na kawo."

Ta ɗora ruwa.

Ranar Litinin Nas ta shigo da baƙar ɗamara, ta je ta tsaya a tsohon wurinta na sahu. Ya nuna mata gaba.

"Haba Malam, don Allah."

"Ke, ƙafata ciwo take, kada ki tsayar da ni."

Ta wuce gaba. Ya ja ƙafa ya tsaya a bayanta, da ta ba da umarnin gaisuwa, shi ya fara sunkuyawa.

Na same shi a shago bayan kwana biyu, ya miƙe ƙafa a kan akwatin kayan aiki yana cire murfin bayan wani firji. Na tambaye shi, da alƙalin ya ji tausayinsa ya kau da kai ya ba shi, zai karɓa?

Ya amsa yana juya sukudireba.

"Da na karɓa mana. Na gaji, ɗan'uwa. Shi ya sa na gode Allah da bai bayar ba."