Hure Ta Kai Jere Birni

Hure ba ta da tsawo, ba ta da jiki, amma idan ta tsaya a ƙofar ɗakin amarya ta riƙe ƙugu, ko matar dagaci sai ta ja baya. Jere ne sana'arta, in har abin da ake sallamar mutum da goro da tuwon biki za a kira sana'a. Daga ƙauyenmu Kukar Sambo har gefen Tsanyawa, duk yarinyar da aka kai ɗaki a zamanin nan, hannun Hure ne ya ɗora mata ƙwarya kan ƙwarya. Ta san wadda za ta zauna ƙasa da wadda za ta hau. Ta san inda hasken ƙofa yake faɗawa da hantsi, sai ta kafa tasa a wurin, don dangin ango in sun shigo idonsu ya fara cin karo da walƙiya, su rasa bakin tsegumi.

Ita kuwa mai yi wa 'ya'yan mutane, Allah bai bar mata wadda za a yi wa ba. Ta haihu ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, duk suna komawa tun suna goye. 'Yar farinta ce kaɗai ta tsaya, Turai, har ta fara ɗaukar tulu zuwa rijiya. Shekarar sanƙarau ta tafi da ita. Da mijin ma ya rasu, Hure ta gama takaba ta dawo gidan wanta, inda ɗansa Nababa yake riƙe da gandu. Aka ba ta ɗaki kusa da rumbuna, ta shiga da kayanta.

Kayan nan su ne maganar. Tun daga kakarta suka gangaro. Akusa baƙaƙe masu sheƙi saboda shan man shanu, ƙorai masu zane irin wanda masu yin sa suka ƙare, fayafai, ludaya, tasoshin jan ƙarfe da wani kakansu ya zo da su daga fatauci, da ragaya saƙar hannu. Mace ke ba mace, haka suka zo. Da suka iso hannun Hure, hanya ta ƙare.

Ta sa rai ga Huseina, 'yar Nababa, yarinya mai dariya da bakin tsiya irin nata. Shekarar da aka sa ranar Huseina gyaɗa ta yi albarka, Nababa ya je kanti a Bici ya jido kwanonin langa masu furanni da kwalla da fanteka, har jaki yana nishi. Hure ta kira yarinyar ɗaki ta nuna mata bango.

"Ga naki nan. Ki sa a kwashe."

Huseina ta duba, ta rufe baki da gefen zane. "Haba tsohuwa! Ƙawayena su shigo su tarar da ni cikin akusa kamar matar sarkin noma na zamanin yaƙi?"

"Ke da ubanki duk a cikinsu kuka yi ƙiba, 'yar nema."

"Shi ya sa na ƙoshi da su. Ki bar su nan, suna yi miki hira."

Da wasa ta faɗa, kuma Hure ta rama da wasa. Ta je Ɗambatta gidan mijin ta jera mata kwanoninta na langa tsaf, har aka yi ta zancen ɗakin. Amma da ta dawo, ta bi ta bayan gidan wata tsohuwa da ta rasu da damina, sai ta ga akushin marigayiyar a gindin turke, an zuba wa akuya dusa, gefensa ya tsage. Hure ta san akushin nan, ta sha cin tuwo a cikinsa. Daga ranar ta rage magana, wanda a wurinta ciwo ne babba.

Ana cikin kaka sai ga baƙo a ƙofar dagaci, wani malamin En'e, wato hukumar sarki, daga birni, Malam Khalilu, a kan keke. Aka yi shela wai Turawa da sarauta suna gyara wani tsohon gida a tsakiyar birni, za a tara kayan mutanen dā a ajiye don na baya su gani, mai tsohon abu ya fito da shi. Mutanenmu kuwa, da jin "fito da shi" daga bakin mai alƙalami, kowa ya ce sabon haraji ne. Kafin azahar an tura tasoshi cikin rumbu, wani har takobin kakansa ya binne a juji. Malamin ya wuni a zaure, ba wanda ya kawo masa ko ludayi.

Hure ce ta yafa mayafi ta je. Tsufa ya riga ya buɗe mata ƙofa, ba mai tambayarta ina za ta. Ta durƙusa ta gaida dagaci, sannan ta juya ga baƙo.

"Malam, gidan nan naku, yana yoyo?"

"Ana kan gyaransa, Inna. Sabuwar azara aka sa, za a shafe shi da makuba."

"Gara fa?"

"Akwai mai dubawa."

"Wa ke shara? Kada ka ce mini namiji."

Malam Khalilu ya yi dariya, ya ce namiji ne. Hure ta ce Allah Ya kyauta. Ta tambaye shi asalin gidan, da maƙwabtansa, da ko akwai masu shaye-shaye a unguwar. Dagaci ya ce, "Hure, wai aure za ki bayar ne?" Ta ce, "Ranka ya daɗe, ai ba a ba da abu gidan da ba a bincika ba."

Ta kai malamin ɗakinta. Ya tsaya a bakin ƙofa yana bin kayan da kallo. Can ya ce, cikin ladabi, akwai abin da ya kamata ta sani: in an kai su, ba mai sake cin tuwo a ciki. Ajiye su za a yi, mutane su shigo su kalla su fita.

"Kallo kawai?"

"Kallo kawai, Inna."

"Yo shi jere na mene ne? Ka taɓa ganin amaryar da ta sauko da ƙwaryar sama ta dama fura? Ashe abin da Turawa suka ƙetaro teku su koya muku ke nan. Da kun tambayi mata."

Da ya kawo zancen abin da za a ba ta, ta ɗaga hannu. Ba sayarwa take ba. Sharaɗinta ɗaya: ba namijin da zai jera mata kaya. Ita za ta je da ƙafarta.

Nababa ne ya tayar da ƙura. Ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron bakin duniya, irin wanda kafin ya yi atishawa sai ya duba wa ke kallo.

"Gwaggo, me za a ce da ni a kasuwar Tsanyawa? A ce yunwa ta sa Nababa ya miƙa wa Nasara akushin kakarsa?"

"In na mutu, me za ka yi da su?"

Ya kau da kai, ita kuwa ta matsa masa.

"Faɗi mana. Matarka tana so? 'Yarka tana so? Ko akuyarka ce ke so?"

"Ai gado ne, Gwaggo."

"Gado sai an mutu. Ka ga na mutu? Je ka tambayi liman ko mai rai yana da ikon kyauta da abinsa."

Ya je ya tambaya, ya dawo yana susar ƙeya. Ƙarshe shi ya samo ƙaiƙayi da buhuna, shi ya naɗe ƙorai ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya rako ta, wai don kada a ce ya bar tsohuwa ita kaɗai a motar gyaɗa. Hure ta zauna bisa buhuna ta rungume babban akushi a cinya. Duk ramin da motar ta faɗa sai direba ya ji sunan kakanninsa.

Ba ta taɓa shiga birni ba. Ta tarar ko'ina gini ake, nan ana kwaɓa ƙasa, can ana ɗora dutse, jakuna na shige da fice da mangala. Gidan da aka kai ta tsohon soro ne mai kauri, magina na bisa tsani suna gyaran zankwaye. Wani Bature siriri, wuyansa ja kamar na zakara, ya fito ya gaishe ta da Hausarsa mai ƙashi, ya tambaye ta gajiya. Ta ce da Nababa a hankali, "Wannan dai an yi masa tarbiyya." Aka nuna mata ɗaki mai daɓe sabo, da dakali a jikin bango. Ta shafa bangon, ta shinshina, ta leƙa rufin. Ta ce ba laifi.

Sai ta tsaya. Jere ba aikin mutum ɗaya ba ne, kuma a ƙa'ida ma uwa ba ta jeren ɗakin 'yarta, gwaggwanni da innoni ke yi. Ita ce uwa, ita ce gwaggo, kuma duk inda ta juya maza ne. Ta fita ƙofar gida inda mata ke sayar wa leburori abinci, ta sami wata mai fura da wata mai ƙosai, duk sun manyanta.

"Bayin Allah, ku taimake ni da hannu. Jere na kawo, ba ni da dangi a garin nan."

Mai fura ta ce, "Jere? A gidan nan? Wace ce amaryar?"

"Ku dai zo ku gani."

Suka bar wa maƙwabta tallarsu suka shiga. Hure ta kori maza, har Baturen, ta ce in an gama za a kira su. Da aka fara kwance buhuna mai ƙosai ta dafa ƙirji, ta ce rabonta da irin zanen nan tun ɗakin kakarta. Suka yi ta miƙo mata tana ɗorawa, tana saukewa, tana faɗa. Mai fura ta kafa wata ƙwarya a karkace, Hure ta ce, "Ke a birni haka ake yi? Shi ya sa aurenku ba ya daɗewa." Matar ta ce, "Mu dai ba ma zuwa da ƙaiƙayi a ka." Suka yi dariya har da riƙe ciki. Da la'asar ta yi, aka rataye ragaya ta ƙarshe, mai fura ta ja baya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Magina suka tsaya cak bisa tsani. Wani dogari ya shigo da gudu yana tambayar wa ya ɗaura aure a gidan hukuma ba da sanin kowa ba.

Maza suka shigo. Malam Khalilu ya ce za a rubuta sunan mai kayan a manna a gefe, ya za a sa? Hure ta sunkuyar da kai. 'Yar fari ba a kiran sunanta, kuma mutuwa ba ta ɗauke mata wannan kunyar ba.

"Na yarinyar nan ne," in ji ta.

Malamin ya dubi Nababa. Nababa ya daɗe yana kallon kayan da ya taso yana gani tun yana rarrafe, sannan ya gyara murya.

"Turai. Rubuta Turai, 'yar Hure, ta Kukar Sambo."

Hure ta goge ido da bakin mayafi, ta ce ƙurar birni ba ta da kyau. Ta yi wa matan nan biyu godiya, ta raba musu goron da ta ƙulla a zane. Ta kira mai shara ta nuna masa yadda ake goge akushi da tsumma, ta gargaɗe shi kada ruwa ya taɓa ƙorai. Sannan ta fita ba ta waiwaya ba.

Ta yi shekaru bayan haka, kuma bakinta ya dawo har ya fi na dā. Amma ba ta sake taka birni ba. Malam Khalilu ya aiko mata ranar buɗe gidan, ta ce a gaishe shi, uwar kirki ba ta zarya gidan 'yarta. Abin da take yi, duk kaka sai ta cika ɗan kasko da man shanu ta ba duk mai tafiya, a kai wa mai shara a shafa wa akusa. Wanda ya dawo kuwa ba ya shan ruwa sai ya ba da labari.

Nababa, mai tsoron bakin duniya, shi ya fi kowa zuwa. Ko gyaɗa ya kai, sai ya ja abokan tafiya ya nuna musu. Wata rana ya dawo ya zauna a ƙofar ɗakinta yana fifita da hula.

"Gwaggo, yau sai da na jira kafin in samu shiga. 'Yan makaranta mata aka kawo, layi guda. Wata tsohuwa kuma daga wajen Gaya ta tsaya tana ta hawaye, wai ɗakin uwarta sak."

"An taɓa?"

"Ba mai taɓawa."

"Ƙura fa?"

"Na shafa dakalin da yatsa, ba komai."

"Kai da aka ce ba a taɓawa?"

"Dakali na ce, Gwaggo."

Hure ta murza carbi. Can ta ce, "Alhamdu lillahi. Ta samu gidan riƙo." Ta ɗaga hannu ta yi wa Malam Khalilu addu'a, da magina, da mai fura da mai ƙosai, da mai shara duk da namiji ne. Baturen ma ta ce Allah Ya shirye shi, Ya kai shi garinsu lafiya. Sannan ta dubi Nababa ta ce ya tashi ya ba ta wuri, ya tare mata iska.