Faɗan Baba a Memori

Bayan rasuwar Baba, abin da ya rage mana na muryarsa faɗa ne. Wata rana yana yi wa yayana tas a bakin rudu, inda muke ajiye albasa a Aliero, don ya zuba ɗanya kan busasshiya, ashe wayar yayan tana aljihu tana naɗa. Inna ta karɓe memorin wayar ta sa a ƙaramar wayarta. In ta gama aiki sai ta kunna, ta zauna tana gyaɗa kai kamar ita ake yi wa.

Da memorin ya fara gardama, yau ya buɗe gobe ya ƙi, na ce a kai Jega a juye a sabo. Inna ta ƙi.

"In anka raba shi biyu, ba ragewa zai yi ba? Nono ma in an ƙara mai ruwa ai ba shi na ba."

Na yi mata dariya, amma ni ma ban san amsar ba, kuma ni mutum ne da tambaya ke hana wa sukuni. Da ƙyar ta yarda, bisa sharaɗin kada muryar mijinta ta kwana a hannun baƙo.

Mai tura waƙoƙi a bakin tashar Jega ya cusa tsohon memorin a kwamfutarsa, ya ja faɗan Baba ya ajiye a kanta, sannan ya juye a sabon. Na zuba wa koren layin da ya fito a fuskar kwamfutar ido yana rarrafe har ya cika. Na tambaye shi ta ina muryar ke bi, kuma wanne ne na asali yanzu. Ya ce duka na asali ne. Na ce to in ya yi ɗari fa? Ya ce ko dubu, ba wanda zai rage. Na sa ya kunna kowanne na saurara, har tarin Baba yana nan a wurinsa. Kafin in tafi na ce ya goge na kan kwamfutarsa, ya ce an gama.

Inna ta sa sabon a waya. Tsohon kuma, don kada ya yi nisa da ɗan'uwansa, ta tura shi bayan batirin wayar. Da damina wayar ta subuce mata ta faɗa rijiya. Aka yi yasa ba a gan ta ba. Inna ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai dai ta daina zaman nan na bayan aiki, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai.

Na hau kabu-kabu na koma Jega, ina addu'ar Allah ya sa mutumin nan ya karya alkawari. Da na tuna masa, sai ya hau sosa ƙeya.

"Tsohon nan mai hwaɗan albasa? Wallahi ban goge ba. Manoma na son shi ƙwarai. Cikin wa'azozi nis sa shi, duk wanda ya zo sai in tura mai. Jiya ma wani daga Maiyama shi kaɗai ya zo nema."

Na buɗe baki in yi masifa, sai na ji hawaye na neman zubo mini. Na ce ya juye mini a memori biyu.

A gida na gaya wa Inna komai, ina jiran ta fusata. Ta karɓi wayata da na sa wa memori ɗaya ta kunna, ta saurara har ƙarshe.

"Har Maiyama?" ta ce.

Na ce har can.

Ta goge ido da bakin mayafinta.

"To bar musu. Da ranshi ma ba mu kaɗai yaka yi ma hwaɗa ba."