Tallar da Ta Zo da Hatimi

Na sayar da wake, na sayar da tayoyin amalanke, na koma wayoyi da ordinater, wato kwamfuta, na hannu da nake ɗaukowa daga ƙetaren iyaka. Duk abin da na sayar a Madarunfa, in ya lalace ƙofata ake zuwa, kuma ba na ɓuya. Amma sau ɗaya ne kayana suka kusa raba mutum da lasifikar masallaci.

Mutumin taubashina ne, ɗan kawuna. Ya tsufa yana sakatare a meri, ofishin magajin gari, aikinsa duba takarda, neman sa hannu, buga hatimi. Da ya yi ritaya sai ya buɗe rumfar buga wa mutane takardu, ya sayi ordinater a wurina, unguwa kuma ta ba shi ladanci don muryarsa na kaiwa har bakin tafki. Ladancin nan ya fi masa fanshonsa.

Ba a jima ba ordinater ta fara rashin kunya. Yana tsakiyar buga takardar gonar wani dattijo daga Safo, sai wata mata ta faɗo a gilashin ordinater, tufafinta ba su kai na jariri ba, tana tallar maganin ƙarfin maza. Ya rufe, tallar caca ta buɗe. Dattijon ya sa takalmansa ya bar takardarsa. Kafin la'asar labari ya riga shi zuwa masallaci, kuma a hanya matar ta zama mata uku.

Ya iso shagona yana huci.

"Kai, ɗan kasuwa, mi ka sayar mini? Gidan rawa?"

"Sakatare, budurwa na ba ka, ko ƙura babu. Kai dai ka san inda ka kai ta yawo."

"Bar wasa. Liman ya ce in huta da kiran salla har a bincika."

Na bar wasan, na bi shi rumfa. Ashe ya riga ya yi nasa binciken. Wani ya nuna masa cewa duk manhajar da ke cikin ordinater ana iya buɗe bayaninta a ga ko tana da sa hannun kamfanin da ya yi ta. Ya ji kamar an mai da shi ofis. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya: mai sa hannu ta zauna, marar sa hannu waje. A haka ya kori wata 'yar manhaja da wani malamin makaranta na garin Gabi ya haɗa masa kyauta don rubuta haruffanmu masu ƙugiya. Laifinta ba ta da takarda. Wata kuwa mai sunan Turanci, wadda ba ya ma tuna yaushe ta zo, ya bar ta da girmamawa.

"Wagga fa?" na ce.

"Cikakkiya ce. Ga sa hannu, ga kwanan wata. Ba a taɓa mai takarda."

Ni ban san cikin ordinater ba, sayarwa na iya. Na dai san wadda ta sani: wata mai gyara a Maradi, 'yar gidan masu zuwa coci, ita ke duba mini kaya kafin in baza su. Na kira ta. Na kuma yi abin da nake yi in mai saye ya ce buhuna da tsakuwa: ba na zazzage shi a ɗaki, a tsakar kasuwa nake yi. Na je na gai da liman, na roƙe shi ya zo da dattawa su gani da idonsu.

Washegari bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a rumfar. Mai gyaran ta gai da su har ƙasa, ta juyo da gilashin wajensu, ta haɗa rezon intanet. Matar tallar nan kamar jira take, ta faɗo. Dattawa suka yi salati, suka kau da kai, wasu da ɗan jinkiri.

Mai gyaran ta buɗe bayanin manhajar nan mai sunan Turanci.

"Baba, sa hannun na gaske ne," ta ce wa taubashina.

Ya dubi jama'a yana gyara hula. "Kun ji ko?"

"Amma abu biyu kaɗai yake faɗa: ga wanda ya yi ta, kuma ba a taɓa ta a hanya ba. Bai ce ta kirki ce ba. Masu cusa talla ma suna da kamfani, suna sayen hatiminsu."

"Hatimi? A saya?"

Wani tsoho da ya taɓa neman takardar fili a merin ya yi tari mai tsawo.

Ta kwafi sunan mai sa hannun ta nema a intanet. Mutane daga ƙasashe da dama suna kuka da shi. Ta tura manhajar wani shafi inda masu farautar cutar ordinater da yawa ke shinshina abu ɗaya tare, jan rubutun gargaɗi ya sauko jere. Ta nuna mana yadda take tashi da kanta duk lokacin da aka kunna ordinater, tun kafin mai ita ya yi bisimilla.

Liman ya ce, "'Yata, mu ba wannan ya kawo mu ba. Shi ya kira matar ko ita ta zo?"

Mai gyaran ta koma kan ordinater. Ta duba ranar da abin ya shiga, ta tambayi taubashina me ya saukar ran nan. Ya ce wata manhajar kyauta ce ta buɗe takardu.

"Da ta nuna maka dogon rubutu ta ce ka amince, ka karanta?"

"Na duba ƙasa, na ga da sa hannu, na amince. Aka kawo na biyu na amince."

"Na biyun nan shi ne tallar, Baba. Izini ta nema ka ba ta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba neman mata ya yi ba. Parafe ce, takardar sa hannu irin ta ofis, aka miƙo masa, hannu ya tuna aiki."

Tsohon mai tari ne ya fara dariya, saura suka bi. Taubashina ya so ya yi fushi, ya ga dariyar ta fi masa zargi sauƙi, ya haɗiye. Duk da haka da ta zo gogewa sai da ya riƙe hannun kujera ya tambaya ko ba a sanar da kamfanin tukuna. Ta goge, ta kashe ordinater ta kunna. Muka zuba ido. Gilashi fes, sai takardar gonar dattijon Safo tana jira inda aka bar ta.

Liman ya leƙa waje ya dubi rana, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ladan, zaman mi kake? Lokaci ya yi."

Ya fita da takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu.