Baba Tsaya-Cak da Balbela

Shekara talatin da huɗu Baba Tsaya-Cak ya yi yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Can ya samo sunan, domin duk wanda ya hau kujerarsa, ko jariri ne, sai an ce masa ya tsaya cak. Da gwiwa ta fara ba shi wahala sai ya rufe shagon, ya dawo gida ya addabi matarsa da gyaran zaman kujeru. 'Yarsa ta fari, wadda ungozoma ce, ta ga abin zai kai ga rigima, ta sayo masa gilashin kyamara mai tsawon damtse, irin mai jawo nesa kusa.

"Baba, ran Asabar ta sama zan buɗe ɗakin awo," in ji ta. "Bangon wurin jira fayau yake. Hoton tsuntsu nake so, na hannunka. In bai samu ba babu komai, sai in yanko na kalanda."

Maganar kalandar nan ta tsaya masa a wuya, ya kwana da ita ya tashi da ita.

Bayan unguwarsu akwai kududdufi inda balbelu ke sauka. Baba ya riƙa zuwa ƙarfe goma daidai, lokacin buɗe shago, rana ta riga ta ƙwalle. Tun a ranar farko ya gane balbela ba ta jin magana. Da ya ce mata ta ɗaga kai, sai ta ɗaga har da fukafukai ta bar masa wurin. Wadda ta daure ta tsaya kuma, hotonta ya fito kamar dunƙulen auduga mai ƙafa biyu, babu gashi, babu ido. Ya ɗora wa gilashin laifi, ya ɗora wa rana, har tabaraunsa bai tsira ba.

Ran kwana na biyar matarsa ta biyo shi. Ita ce ta yi shekaru tana yanke hotuna da almakashi a shagon, don haka ba baƙuwar aikin ba ce. Ta zauna a gefe, ba tsuntsu take kallo ba, hannunsa take kallo.

"Malam, wannan babban yatsan naka me yake murzawa?"

"Ba ya murza komai."

"Sau biyu yake murzawa kafin ka danna. Tun a shago nake ganinsa."

Gaskiyarta. Masu zuwa hoton fasfo roƙonsu ɗaya ne, kada a baƙanta su. Yau da gobe yatsan ya koyi ƙara haske da kansa, ba ya ko shawara da mai shi.

"Ita wannan ta ce maka ka haska ta ne?" in ji matar. "Da farinta ta zo."

"Hajiya, a bar wa masu aiki aikinsu," ya ce, ya haɗe rai. Amma da ta juya neman takalminta, sai ya murza maɓallin hasken kyamarar baya a ɓoye.

Washegari ya yi sammako, ya ba wa rana baya tun tana da sanyi, ya naɗe yatsan da filasta don kada ya ci amanarsa. Ya rage hasken har ruwan ya yi duhu, gabansa na faɗuwa, domin a shago irin wannan hoton zagi yake jawowa. Wata balbela ta sauka ta buɗe fiffike ɗaya. Baba ya haɗiye maganar da ta zo masa baki, ya danna. Gashin ya fito ɗaya bayan ɗaya, har da 'yar inuwar ƙarƙashin fiffiken.

Ran Juma'a shi da matarsa suka kai wa 'yar hoton cikin firam. Ta daɗe tana dubawa, ta juya bayansa, ta sake juyowa.

"Baba, ina sunanka?"

Ya leƙa hoton shi ma. Fuskoki dubbai ya ɗauka, suna nan cikin aljihuna da fayil-fayil na ofisoshi, babu hoto ɗaya da ya taɓa ɗaukar sunansa, shi ma bai taɓa kawo abin a ransa ba. Daɗi ya kama shi, kunya ta kama shi, ya ce ƙura ce ta shigar masa ido. Matarsa ta zare hoton daga firam ta miƙa masa biro, ya sunkuya a kusurwa ya fara wani ɗan mitsitsin rubutu.

"Da manyan baƙaƙe, Baba," in ji 'yar. "Masu jira daga nesa za su karanta."