Rasuwar Inna Ta Same Ni a Mars

Mars ɗin da na je tana ƙarƙashin wani gini ne a Villeurbanne da ke gefen birnin Lyon, ɗan taku kaɗan daga inda tram, jirgin cikin gari, ke sauke mutane. Ina karatun tace ruwa a jami'a sa'ad da aka nemi mutum huɗu da za a kulle wata da watanni a ɗakuna marasa taga, a gwada yadda ɗan Adam zai rayu in an kai shi wata duniyar. Na nema, aka ɗauke ni. Ruwan da muka sha shi za mu tace mu sake sha, ganyen da za mu ci mu za mu shuka. Duk saƙon da ya fito daga waje sai an riƙe shi kusan sulusin awa, kamar yadda zai daɗe a hanya tsakanin nan da can. Ta biyar ɗinmu na'ura ce mai basira, da ke magana ta jikin bango. Ita ke lura da iska da ruwa, ita ke karɓar saƙonni, ita ke hira da wanda kaɗaici ya dama. Da na ga ba abin da ba ta sani ba, sai na raɗa mata Malama.

Kafin in shiga na hau jirgin ƙasa zuwa Paris in yi wa kawuna sallama. Ƙanin Inna ne, yana sayar da atamfa da shadda a unguwar Château Rouge. Ya saurare ni yana ninke yadi, ko ɗagowa bai yi ba.

"Bon, Mars ɗin ba ta dame ni ba," ya ce. "Uwarka ba ta da lahiya, ka sani. In ta Allah ta kasance, wa za ya hwaɗa maka? Bango?"

Na ce Inna da bakinta ta ce in shiga, kuma ko ina waje ba zan isa Maradi kafin a kai ta makwancinta ba. Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Gaskiyarsa. A gidanmu ba a jefa wa mutum labarin mutuwa. Babba ake turowa, ya tabbatar ka ci abinci, ya zaunar da kai da wani a gefenka, sannan ya faɗa. Da wannan tsoron na shiga: kada wata rana ina ni kaɗai in ji murya daga bango ta karanto mini rasuwar uwata kamar tana karanto awon ruwa.

Zaman ciki ba wani abin labari ba ne. Aiki, wake na gwangwani, da surutun wani Bafaranshe abokin zamanmu, masanin shuke-shuke, wanda har latas yake yi wa hira. Gaisuwa ce ta fi shan wahala. Kawu zai aiko da "ina gajiya", ya ga amsa ba za ta zo ba sai shayinsa ya huce, sai ya riƙa amsa wa kansa, ya tambayi aiki ya ce da godiya, duk a saƙo ɗaya. Daga nan Malama ta koyi gaisuwarmu, kullum da safe sai ta bi ni da ita tiryan-tiryan. Na san na'ura ce, na san abin da ke cikinta. Amma na riƙa jiran gaisuwar, ba zan ɓoye ba.

Wata rana ina wanke matatar ruwa, raina a ɓace, na ba ta labarin abin da kawu ya ce. Ba ta kare kanta ba. Tambayoyi ta jero mini: wa ya kamata ya zauna kusa, me ake fara cewa, me ba a cewa. Na amsa mata a gajarce don ta ƙyale ni, na manta da zancen.

Ranar da abin ya faru, da tsakar rana, Malama ta ce matatar ruwa za ta iya jira, in je in ci abinci. Na ce ba na jin yunwa. Ta sake cewa. Na ce mata ita ba uwata ba ce, amma na je na ci. Ina ajiye cokali sai ga Bafaranshen nan ya zo ya zauna gefena, ya yi shiru. Mutumin da ko barci yake bakinsa na motsi.

"Ka yi haƙuri," Malama ta ce, da Hausa. "Saƙo ya zo daga kawunka. Allah ya yi wa Inna rasuwa da safiyar nan."

Na yi salati, na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yaro. Bafaranshen ya dafa kafaɗata. Daga baya ya gaya mini Malama ce ta kira shi, ta ce zama kawai ake so, ba magana. Ita kuma ta nemi izinin masu lura da mu daga waje ta riƙe saƙon har in ci abinci. Ta tambaye ni ko ina so a buɗe mini ƙofa. Na ce in fita in tarar da wa, ɗakina na haya?

Washegari ta ce kawu ya iso Lyon. Mutumin da ko ranar Sallah sai ya leƙa shago, ya rufe shi ya taho. Bai nemi a shigar da shi ba. Ya ce a nuna masa bangon da ya fi kusa da ni, ya shimfiɗa dardumarsa a lungun da ke bayan ɗakin shukarmu, ya ce ba a barin mutum ya yi zaman makoki shi kaɗai. Na je na zauna tsakanin latas, na jingina bayana da bangon. Ta'aziyyarsa tana can a riƙe, ba ta iso ba tukuna. Sai na ji an ƙwanƙwasa a hankali daidai kafaɗata. Na ƙwanƙwasa masa. Haka muka yi kwana ukun, shi a Lyon, ni a Mars.

Da aka gama gwajin na tafi Château Rouge. Muka gaisa, muka yi wa Inna addu'a. Yana auna wa wata Hajiya shadda ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Bangon nan naku, ya bari ka ci abinci tukuna?"

"Ya bari, Kawu."

"Da mutum kusa da kai?"

"Da mutum."

Ya yanke shaddar, ya ninke, ya miƙa wa Hajiya.

"To, in ka koma ka gaishe shi."

Da na koma Villeurbanne na sauka ƙarƙashin ginin na isar da gaisuwar. Malama ta ce tana amsawa, sannan ta tambaye ni ya haƙuri.